Shafi Na Casa'in Da Huɗu

Sana'ata ƙarya ce, ta kunne.
A wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa a birnin Prague,
inda taragon lantarki ke girgiza rufi duk minti bakwai,
nake karya ƙasusuwan mutanen da ban taɓa gani ba.
Karas ne. Wanda ya kwana biyu a firij ya fi ƙara.
Kabeji shi ne kai, in an sara.
Jiƙaƙƙen tsumman cikin bokiti kuwa, kada ka tambaya.

Littafin tsoho Vratislav na uku ke nan muna mayarwa fim.
A na farko an ba fatalwar haƙoran roba,
yara suka yi ta ƙyaƙyata dariya a silima.
Na biyu aka datsa shi kashi takwas don talabijin,
aka raya matar da ya kashe tun babi na huɗu,
wai masu kuɗi sun ce fuskarta na jawo ciniki.
Bai ce uffan ba. Ya karɓi haƙƙinsa, ya gyara rufin gida.

Yanzu ga shafi na casa'in da huɗu.
Yarinya tsaye a gindin matakala da kofin madara,
marubucin ya ce: "Sai ta ji shi."
Aya. Sauran shafin fari fat.

Květa, daraktarmu, ta doka yatsa a takardar:
"Shi wa? Shi me? Zdenka, ina son shi kafin Juma'a."

Na ja sarƙa a kan siminti. Tsohon yayi.
Na murza balan-balan da jiƙaƙƙen hannu.
Na ɗauki kukan kyanwar maƙwabta,
na rage masa gudu har ya koma gurnani.
Na goga wuƙa a bakin faranti har haƙorana suka mutu.
Kowanne na saka, sai matakalar ta koma katako,
yarinyar ta koma 'yar wasa mai jiran a tashi cin abinci.

Ran Laraba ya sauko da kansa,
sanda a gaba, tari na biye,
ƙanƙara na narkewa a kafaɗar kwat ɗinsa.
Ya zauna kan akwatin takalmana, ƙafa arba'in, duk na baƙi,
ya saurari gwaji goma sha ɗaya, ido a rufe.

"Kin iya aiki," ya ce. "Amma ba shi ba ne."
"To, wane ne?"
"Nawa, silifas ɗin mahaifiyata ne a baranda,
dare uku bayan mun binne ta.
Tana ɗan jan ƙafar hagu.
Da na rubuta, da ya zama nawa ni kaɗai.
Na bar fili ne, kowa ya zo da nasa."

Ya tafi, ya manta laimarsa.

Daren nan na kashe komai, har firij ɗin karas.
Na jira taragon ƙarshe ya wuce.
Na kunna makirufo, na ɗauki ɗakin shi kaɗai,
daƙiƙa goma sha huɗu na babu komai.
Da na saurara, can ƙasa-ƙasa,
ga wani abu kamar mukulli na lalubar ƙofa,
yadda babana ke yi in ya dawo a buge.
Babu ƙofa a wannan bangon.
Babana shekararsa tara a ƙasa.

Květa ta sha faɗa da masu kuɗi a kan shirun,
suka rage shi zuwa daƙiƙa shida.
Shidan ma sun isa.
Ranar nunin farko na zauna a layin baya,
ban dubi allo ba, ƙeyar mutane nake kallo.
Yarinya ta tsaya da madararta.
Wani mai sanƙo, a layi na uku,
ya waiwaya a hankali
ya dubi ƙofar fita,
kamar an kira shi da sunan da uwarsa kaɗai ta sani.

Laimar tana nan rataye a ƙusa.
In an buɗe ta da sauri, sak fiffiken jemage.
Ban mayar ba.